Idan Aka Ce Kuɗi Ya Faɗi, a Kan Wa Ya Faɗo?

A watan Janairun 2022, da sidi 6 da 'yan kai, kuɗin Gana, mutum yana sayen dalar Amurka ɗaya a Kumasi. Kafin Nuwamba ta yi nisa, 'yan canjin unguwar Alabar sun kai ta wajen sidi 15, wata rana ma farashin hantsi daban, na la'asar daban. A shekarar nan babu maganar da ta kai "sidi ya faɗi" yawo a bakin mutanen zango. Da ita mai waake, wato shinkafa da wake, ke kare kanta in an yi ƙorafin ta rage cokali, da ita mai gida ke ƙara kuɗin haya, da ita wanda ya ci bashi ya kasa biya ke fakewa. Kowa da gaskiyarsa, amma ba abu ɗaya suke nufi ba. Wasu ma daga cikin masu kukan, riba faɗuwar ta jawo musu, ko sun sani ko ba su sani ba.

Tun daga lissafi ake fara tuntuɓe. Dala da ta tashi daga 6 zuwa 15 ta hau da kashi 150 cikin 100, sai ka ji an juya an ce sidi ya faɗi da kashi 150. Wannan ba ya yiwuwa, don abin da ya rasa kashi 100 na darajarsa ya ƙare ke nan, babu sauran abin rasawa. Sidi 60 da ke sayen dala 10 a Janairu ya koma sayen dala 4 a Nuwamba. Kashi 60 ya rasa, kuma wannan ma ya isa masifa, ba sai an ƙara masa gishiri ba.

Bahaushe bai rasa yadda zai ce abu ya rage ƙima ba. Kaya sukan yi kwantai, ɗan kasuwa yakan karye, mutunci yakan zube, kuɗin zamani kuma tsofaffi sukan ce ba su da auki. Amma in ana maganar canji, kalmomi biyu ne suka fi yawo a rediyo: faɗuwar darajar kuɗi da karya darajar kuɗi. Jama'a na musanya su yadda suka ga dama, alhali akwai tazara a tsakaninsu. Faɗuwa a kasuwa take aukuwa, kaɗan-kaɗan ko da gudu, idan masu neman dala suka fi masu sayarwa yawa. Karyawa kuwa hukunci ne: gwamnati ce ke riƙe da farashin canji, ta wayi gari ta sanar da sabo. Ta farko ba ka da wanda za ka nuna da yatsa kai tsaye. Ta biyu tana da sa hannu da kwanan wata.

Gana ta ɗanɗani kowacce. Ranar 27 ga Disamba 1971, gwamnatin Kofi Busia ta karya darajar sidi da kashi 44 cikin 100 a tashi ɗaya, saboda farashin koko ya yi ƙasa a kasuwar duniya, bashi kuma ya yi wa ƙasa katutu. Ranar 13 ga Janairu 1972, ba a ko cika mako uku ba, Kanar Acheampong ya hamɓarar da gwamnatin, Busia yana Landan wajen neman magani. Acheampong ya maido wa sidi wani ɓangare na abin da aka rage masa, jama'a suka yi ta tafi. Darasin da masu mulki suka ɗauka daga nan shi ne farashin canji wuta ne, kada ka taɓa. Aka kafe dala a kan sidi 1.15 shekara da shekaru, a 1978 aka matsar da ita zuwa 2.75, aka sake kafe ta har 1983. A tsakanin nan hauhawar farashi ta wuce kashi 100 sau uku: 1977, 1981 da 1983.

A takardar gwamnati dai sidi yana tsaye da ƙafafunsa. A bayan fage kuwa, a farkon shekarun 1980, dala ta wuce ninki ashirin na farashin hukuma. Duk wanda ya san wani a sama, ya samu dala a kan 2.75, ko lasisin shigo da kaya, ko 'yar takardar karɓar madara da sukari da sabulu a farashin gwamnati, ya yi arziki ba tare da ya yi gumi ba, don fita kawai zai yi ya sayar a farashin gaskiya. Wannan ne zamanin da ake kira kalabule. Wanda ya biya kuɗin wannan arzikin shi ne manomin koko, domin hukumar koko ce kaɗai ke saye, kuma da lissafin canjin hukuma take biyansa. Masu gona kusa da iyaka suka riƙa tsallakar da kokonsu Kwaddibuwa da Togo da dare, wasu suka bar gonakin suka zama daji. Ƙasar da ta noma fiye da tan dubu 500 a tsakiyar shekarun 1960 ta koma ba ta kai tan dubu 200 ba a kakar 1983. Da abin ya ƙi, sai aka huce a kan mata 'yan kasuwa: aka yi musu bulala a bainar jama'a, sojoji suka rushe kasuwar Makola ta Akra a 1979. Ko sabulu ɗaya hakan bai ƙara a kanti ba.

A ganina, wannan ne wuri mafi muhimmanci a tarihin sidi, kuma shi ne aka fi mantawa. Ƙin furta cewa kuɗi ya faɗi bai hana shi faɗuwa ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya zaɓi wanda zai ɗauki asarar, ya kuma zaɓi wanda zai kwashi garaɓasar. Shugaba Rawlings da ya zo yana tsine wa karya darajar kuɗi, shi ne da kansa ya rungumi shirin Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1983, kuma a watan Oktoban shekarar dala ta koma sidi 30 a hukumance. A 1986 aka fara gwanjon dala, a 1988 aka ba wa shagunan canji masu zaman kansu lasisi. Tun daga nan, in ka ji an ce gwamnatin Gana ta karya sidi, to a ma'anar asali ba haka ba ne. Faɗuwa yake yi. Sai dai wannan bai wanke gwamnati ba, za mu zo wurin.

Akwai kuma abin da ba faɗuwa ba ne, ba karyawa ba ne, amma har yau yana rikita mutane. A Yulin 2007, zamanin Kufuor, lokacin Paul Acquah na gwamnan babban banki, aka datse sifiri huɗu: tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi ɗaya. Dalili a fili yake. Takarda mafi girma a lokacin ita ce ta 20,000, ba ta wuce dala biyu da 'yan kai ba, mai sayen mota sai ya cika jaka. Aka cika rediyo da waƙar cewa darajar ɗaya ce, kuma gaskiya ne, a ranar babu wanda ya yi asarar ko pesewa, wato kwabon Gana. Tsofaffi ne dai suka ɗaga gira, kuma suna da hujja, don sun tuna canjin kuɗin 1979 da aka ba mutum bakwai a kan goma, wanda ya wuce sidi 5,000 kuma biyar a kan goma, sun tuna 1982 da aka janye takardar sidi 50.

Shekaru sun shuɗe amma harshe bai datse nasa sifirin ba. Tsaya gaban mai atamfa a kasuwar Asawase ka tambaya.

"Hajiya, wannan turmin fa?"

"Miliyan uku da rabi, ɗana. In za ka ɗauki biyu na rage maka."

Baƙon da ya zo daga Kano ko Yamai sai ya ja da baya, alhali sidi 350 take nufi. Wasu na yi wa irin su Hajiya dariyar rashin wayewa. Ni kam ina ganin lissafinta ya fi namu faɗin gaskiya, don shi ne bai goge tarihi ba. Da bakinta, dalar da ta kai sidi 15 sunanta 150,000, kuma ita ce dalar da ake kira 2.75 lokacin Hajiya tana budurwa. Sabon sidi ya fara rayuwa yana gaban dala, don a Yulin 2007 dala ba ta cika sidi ɗaya ba. Ruwan leda a lokacin pesewa 5 ne. A ƙarshen 2022 ya kai pesewa 50, kuma ƙwandalar pesewa ɗaya ko a ƙasa yaro ya gan ta ba ya sunkuyawa.

To me ke kayar da shi? Gana na samun dala daga zinariya, koko, ɗanyen mai da aka fara haƙa a rijiyar Jubilee a ƙarshen 2010, sai kuɗin da 'yan ƙasa ke aikowa daga waje. Tana kashe dala a kan tataccen mai, shinkafa, kaji, magani, injuna, kayan gyaran mota, da biyan bashin waje. Shekara da shekaru ana cike giɓin da sabon rance daga kasuwannin Turai. A 2022 wannan ƙofar ta rufe: masu auna ƙarfin biyan bashi suka sauke Gana, Amurka ta ɗaga kuɗin ruwa, yaƙin Yukren ya tsadar da mai da alkama da taki. Gwamnati ta rasa mai ba ta rance, babban banki ya riƙa cike mata gurbi, wato sidi ya ƙaru a gari ba tare da kaya sun ƙaru ba. Daga nan sai tsoro ya karɓi ragama. Mai shago da ba ya buƙatar dala sai wata uku masu zuwa ya ruga ya saya yau, ma'aikaci ya canza ɗan abin da ya tara, mai dala kuma ya ƙi fitarwa don ya san gobe za ta fi haka. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA ta rufe shaguna a Akra cikin Oktoba. Shugaba Akufo-Addo ya fito a ƙarshen watan ya ce da harshen Tuwi kuɗi ba ya son hayaniya, aka yi ta yi masa ba'a. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, don surutu na ƙara gudun faɗuwa. Amma ba surutu ne ya ciwo bashin ba. A Disamba gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashin waje, a Mayun 2023 Asusun Ba da Lamuni ya amince da rancen dala biliyan 3.

Duk wannan da dala ake auna shi, alhali mutumin zango ba da dala kaɗai yake hulɗa ba. Albasar da ake saukewa a Kwadaso yawancinta daga Nijar take zuwa, tumatir daga Burkina Faso, shanun mayanka daga Burkina da Mali da Nijar. Duka da sefa ake sayensu, sefa kuwa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi sai yuro ya motsa. Don haka duk ranar da sidi ya yi ƙasa, Bazabarmen da ke kawo albasa yakan ji a jikinsa tun kafin motarsa ta tsallako Paga, iyakar Gana da Burkina. Mai goro kuwa labarinsa a juye yake. A dazukan Asante yake saye da sidi, ya sayar a Legas ko Kano da naira. Da Najeriya ta saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, a daidai lokacin da sidi ke jan ƙafa tsakanin 11 da 13. A wurin mai goro sidi tashi ya yi, kuma tashin ne ya cinye shi: ya sayar da kyau a Agege, ya canzo nairarsa, ya tarar ba ta maido masa kuɗin huhunan da ya ɗora ba. Mutum biyu a layi ɗaya a Aboabo, sallarsu ɗaya, masallacinsu ɗaya, ɗaya na addu'ar sidi ya tashi, ɗaya na fatan ya ɗan sassauta. Shi ya sa in aka ce ya faɗi, tambayar farko ita ce a gaban wane kuɗi.

Abin ba yau ya fara ba. Kakannin da suka yi fataucin goro zuwa Salaga da wuri suke ciniki, Asante ne ke amfani da garin zinariya a cikin ƙasarsu. Wuri daga tsibiran Maldif yake zuwa, da nisa da wahala, shi ya sa yake da daraja. Daga shekarun 1840 'yan kasuwar Jamus na Hambug suka fara jibgo wani iri mai araha daga gaɓar Zanzibar, jirgi bayan jirgi. Lokacin da Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dalar azurfa ɗaya. Kafin ƙarni ya ƙare wuri ya lalace har ɗaukarsa zuwa nesa ya zama asara, don ladan ɗan dako da abincinsa sukan cinye kayan da ya ɗauko. Babu babban banki, babu minista, amma cutar ita ce dai: kuɗi ya yi yawa, kaya ba su ƙaru ba. Sunan sidi kansa daga kalmar Akan ta wuri aka samo shi a 1965.

Wani ruɗanin da ya fi kowanne jawo faɗa a bakin shago shi ne haɗa faɗuwar sidi a gaban dala da tsadar kaya a kasuwa. Dangin juna ne, amma kowanne da tafiyarsa, kuma 2025 ta raba gardama. A watan Afrilu dala na wajen sidi 15 da rabi, kafin Yuni ta dawo wajen 10 da 'yan kai. Zinariya ta wuce dala 3,000 a kan oza, sabuwar hukumar GoldBod ta karɓe sayen zinariyar ƙananan masu haƙa, babban banki ya samu dalar da zai zuba a kasuwa, gwamnati ta ɗaure bakin jaka, ita ma dalar ta yi sanyi a duniya. Kuɗin mota ya sauka da kashi 15 cikin 100 a ƙarshen Mayu. Sauran kaya kuwa suka yi mirsisi.

"Alhaji, dala ta sauko, ku kun ƙi saukowa."

"Malam, tsohon kaya ne. A kan 15 na yi odarsa. In na sayar maka a farashin yau, wa zai cike mini?"

Maganar Alhaji abin dubawa ce, sai dai a tuna abin da ya ce a 2022. A lokacin, kayan da ya sayo a kan dala 7 ya sayar da su a lissafin dala 13, ya ce in bai yi haka ba ba zai iya sake cika shago ba. Kuma a nan gaskiyarsa ce tsantsa. Ɗauki misali: ya sayi buhu 100 a kan sidi 300, ya sayar a kan 350, ya ƙirga ribar 5,000, ya yi murna. Ya koma wurin dila da 35,000 ya tarar buhu ya zama 420. Buhu 83 zai ɗauko. Littafi ya ce ya ci riba, shago ya ce buhu 17 sun tafi. Haka ƙananan 'yan kasuwa da yawa suka cinye uwar kuɗinsu a shekarar nan suna zaton riba suke ci, musamman mata masu ɗan tebur da ke jin nauyin ƙara wa maƙwabta farashi. To amma in farashin sake sayowa ne ma'auni ranar hawa, shi ne ma'auni ranar sauka. Ba a auna da mudu biyu. Inda Alhaji ke da sauran hujja shi ne abubuwan da ba ruwansu da dala: hayar shago, wuta, ladan yara, kuɗin makaranta, babu wanda ya sauko. Ga kuma tsoron kada ya rage yau dala ta juyo gobe, wanda duk mai shekaru a kasuwar Gana ya ga irinsa.

Haka nan in an ce hauhawar farashi ta sauka, daga kashi 54.1 a Disambar 2022 zuwa ƙasa da kashi 10 a Satumbar 2025, ba a ce kaya sun yi araha ba. Hawan ne ya rage gudu. Abin da ya tashi daga 100 zuwa 250 yana nan a 250, yana ma ɗan ƙarawa.

Akwai wata faɗuwar darajar da ba ruwanta da canji ko kaɗan, wadda masu lissafin kamfani ke rubutawa kowace shekara: tsufan kayan aiki. Mota, injin niƙa, keken ɗinki, firji, duk ranar da suka yi aiki sun ci wani abu daga ransu. Hukumar haraji ma ta san da wannan, dokar harajin kuɗin shiga ta 2015 ta yarda kamfani ya cire kashi 30 cikin 100 na ragowar ƙimar motarsa kowace shekara kafin a yanka masa haraji. Mai pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, a Aboabo ba ya cike wannan takarda, amma lissafin na binsa. Abin da ya rage masa da yamma bayan mai da abinci ba duka ne nasa ba, akwai rabon injin a ciki, kuɗin da ya kamata ya ware don ranar da makanikin Suame Magazine zai buɗe ya girgiza kai ya ce, "Maigida, wannan sai dai sabo." Wanda bai ware ba, shekara uku yana cin kekensa da kaɗan-kaɗan, ranar da ya tsaya sai ya ce tsautsayi ne.

Faɗuwar sidi kan ɓoye wannan tsufan, har ta sa mutum ya yi zaton tsohuwar motarsa riba take haifa. Ya saye ta sidi 60,000 lokacin dala na 6, ya more ta shekara uku, ya sayar 90,000 lokacin dala na 15, ya shiga majalisa yana cewa mota ba ta faɗuwa a Gana. Dala 10,000 ya saya, dala 6,000 ya sayar. Ya je ya tayi irinta a garejin masu shigo da motoci daga tashar jiragen ruwa ta Tema, a nan zai ji sauran bayani. Abin da ya samu dai shi ne bai yi asara kamar wanda ya ajiye 60,000 ɗin a ƙarƙashin katifa ba, don shi nasa ya koma dala 4,000, kuma ko hawa bai yi ba.

A nan ne kalmar faɗuwa ke yaudara. Tana sa a ji kamar darajar ta zube a ƙasa ne kowa ya rasa. Wani ɓangare kam ƙasa gaba ɗaya ta rasa, don dole a fitar da koko da zinariya fiye da da kafin a shigo da tankar mai ɗaya. Amma babban ɓangare hannu kawai yake sauyawa, daga mai riƙe da kuɗi zuwa mai riƙe da kaya, daga mai bin bashi zuwa wanda ake bi. Dubi adashi. Mata goma na zuba sidi 500 duk wata. Ta farko ta kwashi 5,000 ta sayi kaya nan take. Ta ƙarshe ta kwashi 5,000 bayan wata tara, kuma in shekarar irin 2022 ce, abin da kuɗin zai saya ya ragu da fiye da kwata. Babu wadda ta ci amanar wata, uwar adashi ba ta taɓa ko sisi ba, amma ta ƙarshe ta ciyar da ta farko. Wadda ake ba kwasar ƙarshe kuwa sau da yawa ita ce mai haƙuri, wadda ba ta iya musu ba.

Mai albashi haka, ɗan fansho haka. Mai tara kuɗin Makka ya fi kowa gani: kujerar da aka biya sidi 39,000 a 2022 ta koma 75,000 a 2023, wanda ya kusa cikawa ya wayi gari yana rabin hanya. Babban wanda ake bi bashi da sidi kuwa ita ce gwamnati. A ƙarshen 2022 takardun rancenta na wata uku suna ba da kusan kashi 35, kaya na hawa da kashi 54. Mai ba ta rance yana karɓar ƙari a lamba, yana raguwa a zahiri. Masu takardun dogon zango kuma aka sake musu sharaɗi, aka tsawaita wa'adi aka rage abin da za su samu, har tsofaffin ma'aikata suka yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Fabrairun 2023, cikinsu har da tsohuwar alƙaliyar alƙalai Sophia Akuffo. Gwamnati ba ta sa hannu a takardar karya sidi ba, amma nauyin bashinta na cikin gida ya ragu da faɗuwarsa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne bashin zumunci, wanda babu takarda babu shaida sai Allah. Wa ya ranta wa ƙanensa sidi 12,000 a farkon 2022 don ya ƙara jari, dala 2,000 ke nan a lokacin. Ƙanen ya kawo 12,000 cif bayan shekara biyu, ya yi godiya. Wan ya karɓa yana murmushi, cikinsa na tafasa, don kuɗin bai kai dala 1,000 ba. In ya nemi ƙari, a ce ya ci kuɗin ruwa. In ya yi shiru, ya yi kyautar rabin dukiyarsa ba da niyya ba. Malamai sun daɗe da sanin wannan matsala, tun zamanin da ake ciniki da fulusan tagulla. Mafi yawansu, har da mashhurin mazhabar Malikiyya da muke bi, sun ce abin da aka ranta shi ake mayarwa, lamba da lamba. Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, ya ce ƙimar ranar da aka ƙulla bashin za a biya. A cikin Malikiyya ma Rahuni ya ce in faɗuwar ta yi muni ƙwarai, a koma ga ƙima. Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tsaya a kan lamba da lamba, daga baya kuma ta nuna mafita: tun ranar bayarwa a ƙulla bashin da zinariya ko da wani kuɗin da ya fi tsayuwa, a mayar da irinsa. Kuma babu wanda ya hana mai biya ya ƙara don kansa in ba a sharɗanta ba, tunda ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi. Ƙanen da jarinsa ya ninka saboda kayan shagonsa sun bi dala sun hau, ya san inda ribar ta fito.

Mutanen zango da yawa sun ɗauki shawarar ƙullawa da dala bayan abin da suka gani a 2022, har masu gidajen haya da masu filaye suka koma faɗin farashi da ita, duk da babban banki ya sha gargaɗin cewa doka ta hana. Sai dai dalar ma ba ta yi wa kowa alkawari ba. Wanda ya ranta wa ɗan'uwansa dala 1,000 a Nuwambar 2024, lokacin tana wajen sidi 16, sidi 16,000 ya fitar daga aljihunsa ya saye ta. Da aka maido masa dalarsa cif a Yunin 2025, ya kai Alabar, abin da aka ƙirga masa bai kai 11,000 ba, kuma kuɗin makarantar 'ya'yansa da hayar shagonsa da sidi ake karɓa.